Ina dambe da inuwata, unguwa na cewa na taɓu

Assalamu alaikum, Malam. Ni saurayi ne ɗan shekara 22, ina koyon walda. Na yi wata 9 ina zuwa kulob ɗin damben zamani a filin wasa na babban birnin jiharmu, har koci ya fara haɗa ni gwaji da waɗanda suka riga ni. Sai maigidana ya buɗe sabon shago a garinmu ya mayar da ni can, tafiyar awa biyu a mota. A nan babu kulob, babu buhun naushi, babu wanda ya san wasan. Don kada abin ya ɓace mini, kullum bayan sallar asuba nakan fito tsakar gida in yi ta naushin iska da iya ƙarfina, kamar rabin awa. Yaran maƙwabta suna leƙowa ta katanga suna dariya, har magana ta zaga cewa wai da aljanu nake faɗa. Mahaifiyata ta kira ni tana kuka, ta ce in bari, ba ta haife ni don a fasa mini kai ba. Wani abokina ɗan damben gargajiya kuma ya ce ɓata lokaci nake yi, iska ba ta ramawa, in da gaske nake in ɗaura zare in shiga fage ranar kasuwa. Ga shi gwiwar hannuna ta dama ta fara ciwo. Da na ɗauki kaina a waya kuma sai na ga kamar lalacewa ma nake yi. Malam, naushin iska yana ƙara wa mutum iyawa, ko yaudarar kaina nake? In ci gaba ko in haƙura?

Wani saurayi mai koyon walda

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ba yaudarar kanka kake ba. Babu ɗan damben zamani da ya isa a kira shi gwani wanda ba ya dambe da inuwarsa, daga yaron da ya fara jiya har mai riƙe da kambun duniya. Abu ne da ya daɗe a wasan, har ana yawan danganta fara shi ga George Dixon, ɗan ƙasar Kanada, baƙar fata na farko da ya zama zakaran duniya a dambe, a shekarar 1890. Saboda haka ka kwantar da hankalinka ta wannan gefen. Sai dai abin da ka gani a waya ma ka yarda da shi, domin ina kyautata zaton gaskiya ya nuna maka, kuma dalilin yana cikin wasiƙarka, inda ka ce da iya ƙarfinka kake yi har rabin awa.

Jiki ba ya tantance daidai da kuskure, abin da aka maimaita masa shi yake haddacewa. Lokacin da kake kulob, in haɓarka ta ɗaga koci zai daka maka tsawa, in hannunka ya sauka abokin gwaji zai tuna maka da naushi a kunci. Yanzu ba ka da ko ɗaya. Kana kai naushi ɗaruruwa kowace safiya, bayan minti goma kafaɗa ta gaji, hannu ya fara faɗuwa, ƙafa ta daina juyawa, sauran minti ashirin ɗin kuwa kuskure kake dasawa. Kai mai walda ne, ka san yadda abin yake: yaron da aka bari shi kaɗai da na'ura yana zuba ɗinki a karkace, ba ya gyaruwa don ya daɗe yana yi, hannunsa sabawa yake da karkacewar. Abin da kake buƙata shi ne ka rage yawa, ka rage ƙarfi, kuma kowane motsi ya zama ka san dalilinsa.

Amma gwiwar hannun nan ita ce farko. In naushi ya sami buhu ko jikin mutum, abin da ya daka shi ke tsayar da shi. In iska ya samu, gaɓar hannunka ce ke tsayar da shi, kuma in ka miƙe hannun har ƙarshe da ƙarfi, duk nauyin a kanta yake sauka. Ga kuma guduma da injin gurza ƙarfe da kake riƙewa yini guda da wannan hannun. Ka ba ta hutun mako biyu daga naushi mai ƙarfi, ka yi aikin ƙafa kawai a lokacin, wanda dama shi ne ya fi ƙaranci a wurin masu koyo su kaɗai. In ka dawo, ka riƙa tsayar da hannu saura ƙiris ya miƙe, ka janye shi da sauri. Kada ka riƙe dutse ko guntun ƙarfe mai nauyi kana naushi da sunan ƙara ƙarfi, yana jan hannu ƙasa ne kuma yana ƙara wa gaɓa wahala. In wurin ya kumbura, ko ka ji ƙaramin yatsa da na kusa da shi suna mutuwa ko tsikari, ko mako biyun ya wuce ciwon yana nan, ka tafi asibiti, kada ka tsaya shafe-shafe.

Yanzu ga yadda nake so safiyarka ta kasance. Ka daina yin rabin awa a miƙe. Ka sa agogon wayarka: minti 3 aiki, minti 1 hutu, kamar yadda ake turmi a gasa. Damben masu neman lambar Olamfik turmi uku ne kacal na minti uku-uku, to mene ne amfanin ka koya wa jikinka jan ƙafa na minti talatin? Turmi biyar ya ishe ka, bayan ka ɗumama jiki da tsallen igiya ko ɗan gudu a wuri ɗaya. Kuma kowane turmi ka ba shi aiki guda, kada ka haɗa.

Turmin farko babu naushi ko ɗaya. Ka share tsakar gida tukuna, ka bar ƙasa lumui, ka ja layi miƙaƙƙe da tsinke. Ka tsaya layin yana ratsa tsakanin ƙafafunka, faɗin tsayuwar kamar faɗin kafaɗunka ko ya ɗan ɗara, ta hagu a gaba in badame ne kai, dunduniyar baya a ɗage kaɗan, gwiwoyi a sake. In za ka gaba, ƙafar gaba ke fara tafiya, ta baya ta biyo da daidai wannan tazarar. In baya za ka, ta baya ke farawa. Hagu, ta hagu. Dama, ta dama. Da agogo ya buga ka tsaya ka dubi ƙasa. Sawunka ba zai yi maka ƙarya ba: in ka ga inda ƙafafu suka haɗe wuri ɗaya, ko suka gitta juna, ko suka hau layi ɗaya kamar mai tafiya kan igiya, to a nan ne da an ture ka ka faɗi. Wannan ƙasar da aka share ita ce kocinka na farko a garin nan, kuma ba ta karɓar ko sisi.

Turmi na biyu na hannun gaba ne shi kaɗai, wannan naushin na tsokana da ake auna tazara da shi. Ka yi shi a hankali, a hankali sosai, har ka ji kamar wasa kake. Hannu ya tashi daga kunci kai tsaye, ba tare da ka fara ja da shi baya ba, domin wannan ɗan ja da bayan shi ke sanar da abokin karo cewa ga shi nan tafe. Gwiwar hannu ta bi bayan dunƙulen, kada ta buɗe gefe kamar fiffiken kaza. Kafaɗa ta ɗago ta rufe haɓa. Sannan, abin da masu koyo suka fi sakaci da shi, hannu ya koma ta hanyar da ya bi ya fita. Yawancin wanda aka kwantar ba a lokacin da ya kai naushi aka same shi ba, a hanyar dawowa ne, hannunsa ya zube ƙirji ya bar fuska a buɗe. Ka sami ƙaramin lemun tsami ka maƙale shi tsakanin haɓa da ƙirji. Duk lokacin da ya faɗo, haɓarka ta ɗaga. Kwana uku na farko za ka gaji da tsintarsa, bayan nan sai ka manta yana wurin.

Na uku na hannun baya ne, kuma a nan ne nake zaton gwiwar hannunka ta samo ciwonta. Ƙarfin naushi ba a damtse yake ba. Daga ƙasa yake tasowa: tafin ƙafar baya ya murza ƙasa kamar mai murƙushe kunama, gwiwa ta juya ciki, ƙugu ya biyo, kafaɗa ta biyo ƙugu, hannu shi ne na ƙarshe, saƙo kawai yake isarwa. Ka gwada wannan: ka riƙe hannayenka biyu a kunci kada ka sake su, ka yi ta juya ƙafa da ƙugu sau ashirin, sai ka ji hannun da kansa yana neman fita. To a lokacin ka sake shi. Dunƙulen ya kasance a sake har sai daf da isa, sannan ka matse, ka fesar da numfashi gajere ta haƙora. Mai riƙe numfashi yana naushi ba ya kai ƙarshen turmi na biyu da ƙarfinsa. Kuma kada kanka ya wuce gwiwar ƙafar gaba. In ya wuce, faɗawa kake yi, ba naushi ba. A ƙasar da ka share za ka ga ɗan zagayen da ƙafar baya ta murza. In babu shi, da hannu kaɗai ka yi aikin.

Sauran turmi biyun su ne ainihin dambe da inuwa, kuma a nan maganar abokinka take da gaskiya rabi. Iska ba ta ramawa, haka ne, shi ya sa kai ne za ka sa ta rama. Ka tuno mutum guda daga cikin waɗanda ka yi gwaji da su a kulob, wanda ya fi ba ka wuya. Ka tsayar da shi a gabanka da tsawonsa da tsawon hannunsa da irin naushin da ya saba samunka da shi. Idonka a kan ƙirjinsa da kafaɗunsa, ba a ƙasa ba. Ka shiga, ka kai biyu ko uku, sannan ka san cewa zai mayar: ka kauce, ko ka tare, ko ka zame gefe. Kada ka taɓa ƙare jerin naushi ka tsaya a inda ka kai shi. Gobe ka sauya mutum, ka ɗauko bahago, jibi gajere mai kutsowa wanda ke neman matse ka a lungu. Ka ɗaura igiyar shanya daidai tsayin kafaɗarka, ka riƙa bi ta ƙarƙashinta daga wannan gefe zuwa wancan kana tafiya gaba, da lanƙwasa gwiwa, ba da sunkuyar da baya ba. Naushin gefe da na haɓa su shigo nan, amma gajeru, daga ƙugu, ba wurgi da hannu ba.

Wayar kuma ka ci gaba da amfani da ita, sai dai ba kullum ba. Sau ɗaya a mako, ka jingine ta a kan turmin daka ko bokiti, ka ɗauki turmi ɗaya ta gaba, ɗaya ta gefe. In ka zo kallo kada ka nemi duk laifuffukanka, zuciyarka za ta karaya kamar yadda ta karaya yanzu. Laifi ɗaya za ka zaɓa, shi ne aikin makon. Madubi yana da amfani don duba tsayuwa, amma kada ka saba da shi, mai yawan kallon madubi kansa yake kallo, ya manta da abokin karo.

Akwai abin da naushin iska ba zai taɓa ba ka ba, kuma gara ka ji daga bakina. Ba zai koya maka ainihin tazara ba, ba zai koya maka lokacin da mutum mai rai zai motsa ba, ba zai koya wa wuyan hannunka yadda ake saukar da naushi a kan abu mai nauyi ba. Na ƙarshen kana iya magance shi da kanka. Ka ƙera maratayi a shago, ka sami buhu mai kauri ko tsohuwar jakar tamfol, ka cika da ƙyallayen da teloli ke zubarwa, ka danna su sosai. Kada ka cika da yashi zalla, yana taruwa a ƙasa ya yi tauri kamar dutse, ya lalata maka yatsu, kuma da yatsun nan kake cin abinci. Ka naɗe hannu da bandeji kafin ka taɓa shi. Sauran biyun kuwa sai da mutum. Ka nemi lambar kocinka in ba ka da ita, ka gaishe shi, ka roƙe shi ya riƙa duba ɗan bidiyon da za ka tura masa. Sannan ka sami maigidanka a lokacin da ransa ke sake, ka nemi rana ɗaya a wata ka je birni. Shi ma yana da nasa haƙƙin, ya amince da kai ne ya ba ka sabon shago, don haka ka nuna masa aikin ba zai kwana ba, kuma in akwai sayayyar ƙarfe ko waya da ake yi a birnin, ka ce kai za ka riƙa yi ranar. Zuwa ɗaya a wata tare da atisaye mai tsabta a gida ya fi zuwa kullum ba tare da lura ba.

Abokinka kada ka yi fushi da shi, amma kada ka bi shawararsa. Damben gargajiya wasa ne mai daraja da nasa ilimin, kuma dabam yake da naka. Shi hannu ɗaya yake ɗaurewa da ƙyalle da zare, ɗayan a buɗe yake a gaba yana garkuwa, tsayuwarsa mai faɗi ce, ana kai ƙafa, kuma abin nema shi ne kisa, wato a kai mutum ƙasa cikin turmi uku. Kai an koya maka hannu biyu a kunci da safa mai laushi. In ka shiga fagen ranar kasuwa don a daina yi maka gori, za ka haɗu da wanda ya girma a cikin abin, mai yiwuwa ya fi ka nauyi nesa, babu likita a gefe. Abin da ya fi shi ne ka jawo shi jiki. Ka ce ya zo da yamma ya ɗaga maka tafukansa da tsumma a naɗe kana taɓawa a hankali, shi kuma ya riƙa kawo maka hannu a buɗe zuwa kafaɗa kana kaucewa, da sharaɗin ba a taɓa kai. Ɗan dambe ya san tazara, ya san yadda ake karanta kafaɗar mutum, kuma wannan ne abin da kake rasawa. Ina zaton shi ma zai ɗauki wani abu daga aikin ƙafarka.

Maganar yara da aljanu ba ta kai ka hana kanka barci ba. Abin da mutane ba su saba gani ba suke wa fassara. Ka daina yi kamar mai ɓoye wani abu. Ka gaya wa dattijo ɗaya ko biyu a masallaci cewa motsa jiki ne na wasan da ƙasa ke tura mutane gasa a kansa. Lambar Olamfik ta farko da Nijeriya ta taɓa samu a dambe ta zo, ta hannun Nojim Maiyegun a Tokyo a 1964, haka ta farko da Nijar ta samu, ta hannun Issaka Daboré a Munich a 1972. Yaran da ke leƙe kuwa, ka kira su ka ba su igiya su yi tsalle. Mako ɗaya ya isa dariyar ta koma roƙon a koya musu.

Na bar Mama a ƙarshe ne saboda maganarta ta fi duk sauran nauyi, kuma ba na so ka ɗauke ta a matsayin wadda ba ta gane ba. Ta gane sarai. Dukan kai da ake maimaitawa yana cutar da ƙwaƙwalwa, wani lokaci nan take, wani lokaci sai bayan shekaru, kuma safa ko hular kariya ba su kawar da wannan ba. Ta ɓangaren addini ma akwai hadisi ingantacce da ya hana dukan fuska, kuma malamai da dama sun yi magana mai ƙarfi a kan gasar dambe saboda shi. Wannan ka zauna da malamin da ka yarda da iliminsa ka tambaya tun kafin ranar da za a ce ga gasa. Hawayenta a kan abu na gaske ne, ƙanena.

Abin da za ka rarrabe mata shi ne abu biyu da suka cakuɗe a ranta. Wanda kake yi a tsakar gida babu mai dukanka, babu wanda kake duka, lafiya ce kawai kake ƙara wa jikinka. Shiga gasa wani abu ne dabam, kuma ba yau ba ne. Ka same ta bayan isha, ka zauna ƙasa, kada ka zo da hujjoji kamar mai shari'a. Ka fara da ba ta haƙuri kan maganganun da ta ji a gari saboda kai, don ina jin rabin kukan nata daga nan yake: uwa ba ta jure a ce ɗanta ya taɓu. Sannan ka yi mata alkawarin da za ka iya cikawa, cewa ba za ka shiga fagen kasuwa ba, kuma ba za ka shiga wata gasa ko gwajin da ake dukan kai ba sai ka dawo ka nemi izininta. In ka yi alkawarin ka riƙe shi, har a ranakun da za ka je birni; ka gaya wa koci aikin buhu da na tafin hannu za ka yi tukuna. Ka roƙe ta ta zauna a kan tabarmarta wata safiya ta kalli turmi biyar ɗin da idonta. In akwai kawu ko yayan da take jin maganarsa, ka fara bi ta wurinsa.

In duk da haka ta ce a'a ga gasa har abada, zai yi maka ciwo, na sani. Amma ba a rufe maka komai ba. Mutane da yawa suna rayuwa da wannan wasa ba tare da sun hau fage ba, suna horar da yara, suna riƙe lafiyarsu da shi. Garin da babu kulob gari ne da ke jiran wanda zai fara, kuma mai walda ba ya rasa maratayin buhu. In kuwa har naushin iskar ma ta ce ba ta so a gidanta, kada ka yi jayayya, ka bar shi na ɗan lokaci, ka riƙe gudu da tsallen igiya, ka sake komawa da maganar bayan ƙura ta lafa.

Ka yi mako shida a kan wannan tsari, kwana biyar a mako, kwana biyu hutu. Ka ajiye bidiyon da ya ɓata maka rai, kada ka goge, ka jera shi da na mako na shida. Sannan ka sake rubuto mini, ka faɗa mini yadda gwiwar hannun take da abin da Mama ta ce. Ka gaishe ta da kyau, Allah ya ba ka lafiya ya sa albarka a sana'arka.